Darasi na 9: Ɗaura sabbin giyoyi a aksul ɗin baya na mota

Duk wanda ya taɓa hawa a-kori-kura daga Garwa zuwa Marwa ya san wannan kuka. Mota na gudu, sai a ji "wuuu" yana tasowa daga ƙarƙashin bodi, direba ya ƙara wuta kukan ya ƙaru. Giyoyin aksul ɗin baya ne ke kuka, wurin da makanikanmu ke kira "pon". Abin takaicin, sau da yawa giyoyin sababbi ne. An ɗaura su ne da ido, cikin garaje, saboda mai mota yana tsaye yana cewa lodi na jiransa.

Giyoyin biyu ne. Akwai ƙarami, finyon, wanda farfela (doguwar sandar ƙarfe da ke kawo juyi daga inji) ke juyawa. Akwai babba mai kama da faifai, kuron, wanda ke karɓar juyin ya miƙa wa tayoyi. Duk wahalar jan buhunan masara da albasa da ke kan mota, a kan haƙoran waɗannan biyun take sauka.

Kafin ka biya kuɗi

Finyon da kuron tare ake goge su tun a masana'anta, har haƙoransu su saba da juna. Shi ya sa tare ake sayar da su, kamar turmi da taɓarya. Kada ka yarda a haɗa maka finyon na wata mota da kuron na wata, ko da sun yi kama.

Sai ƙirga haƙora. Idan kuron yana da 41, finyon yana da 10, raba 41 da 10, za ka sami 4.1. Wato sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta juya sau ɗaya. Gwada wannan a littafinka: kuron 39, finyon 8. Nawa ka samu? Lissafin nan yana da muhimmanci ƙwarai ga mota mai ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser da suka cika hanyoyinmu. Dole giyoyin gaba da na baya su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ƙafafun gaba da na baya za su riƙa jayayya har wani abu ya karye.

Wurin kwancewa, sa alama a kan murafun boris ɗin da ke riƙe da kuron, na dama daban na hagu daban, don kowanne wurinsa yake komawa. Ajiye tsohuwar washar da ke bayan finyon, da kaurinta za ka fara gwaji. Ka wanke komai tas, ka shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Idan kuron ya ƙi zama a mazauninsa, kada ka sa masa guduma. Dafa shi a tafasasshen ruwa, zai ɗan buɗe ya zauna da kansa. Kusoshinsa kuma a ɗaure su ɗaya nan ɗaya can, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Wasa tsakanin haƙora

Haɗin farko na gwaji ne, don haka ba a sa robar tare mai, wato wadda ke hana mai tsiyaya, tukuna. Bayan an haɗa, riƙe finyon kada ya motsa, ka girgiza kuron gaba da baya. Za ka ji ɗan "ƙas-ƙas". Wannan shi ne wasa. A motoci da yawa yana tsakanin milimita 0.13 da 0.20, kaurin gashin kai biyu ke nan ko uku, kuma ainihin adadin yana cikin littafin motar. Hannu ba ya iya auna wannan, komai daɗewar mutum a sana'a. Agogon awo ake kafawa a kan haƙori, a duba a wuri uku ko huɗu a kewayen kuron. Idan wasa ya yi yawa, a matso da kuron kusa da finyon. Idan ya yi kaɗan, a janye shi. Boris ɗin da ke riƙe da kuron a dama da hagu su kasance a matse, ba sa lilo.

Fenti

A nan aikin yake, kuma a nan mutane ke gajiya. Shafa fentin gwajin giya, rawaya ko shuɗi, a haƙora uku ko huɗu na kuron, gaba da bayansu. Fentin bango ba ya yi, bushewa yake. Sa yaronka ya danne kuron da katako don ya ɗan yi nauyi, kai kuma ka juya finyon gaba, sannan baya. Inda haƙora suka haɗu, fenti zai goge ya bar sawu.

Sawun da muke nema yana tsakiyar haƙori, bai taɓa sama ba, bai nutse ƙasa ba. Idan ya hau can saman haƙori, finyon bai shiga sosai ba, sai a ƙara kaurin washa. Idan ya nutse gindin haƙori, finyon ya shige da yawa, sai a rage. Kuma duk lokacin da aka canza washa, wasa ya canza, sai an sake auna shi daga farko.

Yaro zai ce, "Maigida, wannan karo na uku ke nan muna kwancewa."

Ka ce masa, "Ɗauko sifana, yaro. Ko sau biyar ne sai sawun ya zo tsakiya."

Na taɓa ganin mota da aka ɗaura wa sabbin giyoyi ba tare da fenti ba. Ta je Kusiri ta dawo, ta sake zuwa, a tafiya ta uku aka jawo ta. Da muka buɗe, bakin haƙoran ya cinye ya yi kaifi kamar aska. Mai motar bashi ya ci ya sayi giyoyin nan, kuma har yau ina tuna yadda ya zauna a kan benci ya kasa magana.

Haɗin ƙarshe

Idan sawu ya yi kyau, sai a sa sabuwar robar tare mai. Motoci da yawa suna da wani zobe tsakanin boris biyu na finyon, wanda ke lotsewa idan ana ɗaure notin finyon. Sau ɗaya ake amfani da shi. Ɗaure notin kaɗan-kaɗan, kana tsayawa kana auna ƙarfin da finyon ke buƙata kafin ya juya, har ya kai abin da littafin motar ya ce. Idan ka zarce, sassauta noti ba ya gyarawa, sai an sa sabon zobe.

Mai kuma, a zuba man giya mai alamar GL-5, kamar 80W-90. Motar da ke ɗaukar kaya a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, ana iya zuba mata mai kauri 85W-140 idan littafinta ya yarda. Baƙin man inji ba ya aikin nan ko kaɗan. Duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksul ma. Idan ya toshe, mai zai tsiyayo ta roba. Da damina kuwa, in mota ta ƙetare mayo, wato kogi, a buɗe a duba man: in ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, a canza shi.

Faɗa wa direba gaskiya, sabbin giyoyi suna zafi da farko. Ya yi tafiyar minti 20 a hankali, ya tsaya su huce, ya maimaita haka sau biyu ko uku. Kada ya yi lodi mai nauyi sai ya ci kamar kilomita 800. Daga nan ya dawo a juye man, a duba maganaɗisun da ke jikin notin juye mai. Gari mai laushi, toka-toka, ba komai ba ne. In kuwa ka ga ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke iya ji, ɗauko jak, a sake buɗewa.