Doki na susa, gashi na zuba: abin yi

Masu dawaki a Maradi sun dame ni da wannan tambaya, musamman da damina. Ga matakan:

1. Ware dokin a turkensa shi kaɗai.
2. Buɗe geza da gindin wutsiya da rana, ka nemi kaska da ƙwarƙwata.
3. Dubi kamannin tabon. Mai zagaye kamar kwabo, makero ne. Gashin da ya dunƙule, yana fita da ɓawo, kirci ne. Susar wutsiya kaɗai, sau da yawa tsutsar ciki ce.
4. Kira likitan dabbobi ya kankari fatar, ido ba ya ganin ƙwaron ƙazuwa.
5. Makero ko kirci: wanke da Bétadine (maganin wanke ciwo mai aidin), bari minti 10, ɗauraye, busar. Sa safar hannu, makero na kama mutum.
6. Ƙazuwa: ba shi ivermectin ta baki daidai nauyinsa, maimaita bayan kwana 14.

Hattara! Kar ka fesa masa amitraz, maganin kaska na shanu, yana tsayar da hanjin doki, har ya kashe. Baƙin man mota kuwa, ko makaniki ya rantse, ƙona fata yake yi.

7. Wanke buroshi da bargon sirdi, shanya su a rana.
8. Kwashe kashin turke kullum saboda ƙuda.