Yadda Za Ku Sa Asambili Ta Gyara Gotar Layinku

Duk shekara idan ruwan Mayu da Yuni ya sauko a Akra, shagon ɗinkina da ke Nima sai ya koma ofishin koke. Wannan ya ce ruwa ya shiga ɗaki, wancan ya ce katifa ta jiƙe, kowa kuma maganarsa ɗaya: "Baba, gwamnati ta manta da zango." Na yi shekara huɗu a yunit kwamiti, wato ƙaramin kwamitin unguwa da ke ƙarƙashin asambili, majalisar gundumarmu, na sha yawon ofisoshi har takalmi ya cinye, saboda haka bari in faɗa muku yadda ake bin abin.

Kafin ku taka ko'ina, ku san gotar ta wane ce. A nan muka fi yin asara. 'Yar gotar da ke ƙofar gidanka, sharewarta a wuyanka take, kuma idan ka bar ta ta toshe, tankas, wato jami'an duba tsafta, na da ikon kawo maka sammaci. Gotocin cikin layi da ƙananan hanyoyin unguwa na asambili ne. Manyan magudanai kuwa, irin wadda ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi ta gangara kogin Odaw, sun fi ƙarfin asambili ɗaya. Aikin hukumar magudanan ruwa ta ƙasa ne. Majalisar yankin Akra da ministan yanki ke shugabanta tana haɗa kan asambiloli ne tana sa musu ido, ita ake kai wa magana idan matsala ta haɗa gundumomi biyu. Ku kuma tuna cewa tun 2018 an raba mu da babbar asambilin Akra: Nima na ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, Mamobi na Ayawaso ta Arewa. Har gobe ina ganin dattawa suna hawa trotro zuwa cikin gari da takarda, a mayar da su gida.

Mu ma karon farko wajen ɗan majalisar dokoki muka nufa, mu bakwai, da manyan riguna. An ba mu ruwa, an saurare mu, aka ce mu koma asambili. Wata biyu muka ɓata.

Ku fara da asambiliman ɗinku, wato wakilin da kuka zaɓa ya zauna muku a asambili. Ba shi da kuɗin kwangila a aljihu, kada ku tsare shi a wajen suna kuna zagi. Amfaninsa bakinsa ne a zauren asambili, wanda doka mai lamba 936 ta 2016 ta ce ya zauna aƙalla sau uku a shekara, da kuma ƙananan kwamitoci irin na ayyuka, inda ake tace abin da zai shiga kasafi. Ku ɗauko shi ya zo ya ga wurin da idonsa, in so samu ne ana cikin ruwa.

Sai takarda. Maganar baki iska ce a ofis. Ku sami yaro mai Turanci ya rubuta shafi ɗaya tak zuwa ga shugaban gunduma: sunan layi, adireshin GhanaPost GPS na gidan da ya fi kusa, tsawon wurin da ya lalace, gida nawa ruwa ke shiga. Mu da tef ɗin ɗinki muka auna namu, yara na ta dariya. Ku haɗa da hotuna masu kwanan wata. Wajen sa hannu, a nemi sarkin unguwa da liman, amma kada a tsallake magajiya da matan da ke sayar da koko da wake-da-shinkafa a bakin gotar. Su ne tankas ke fara kamawa, su ne kuma ba sa gajiya da bibiya. Ku buga kwafi biyu, ku kai wajen rajista, ku tsaya sai an buga wa naku hatimin karɓa da kwanan wata. Wanda ba shi da hatimin nan, daidai yake da wanda bai taɓa zuwa ba.

A cikin takardar ku bambanta yasa da gini. Yashe gota, wato kwashe yashi da bola, ƙaramin aiki ne da sashen tsaftar muhalli zai iya shiryawa cikin makonni. Ginin sabuwa da siminti kuwa sai ya shiga tsarin ci gaba na shekara huɗu, sannan ya shiga kasafin shekara. Idan kun cakuɗa su, duka biyun za su jira kasafi.

Lokaci kuma shi ne abin da mutanenmu ba sa lura da shi. Muna tashi ne a Yuni, ruwa a gwiwa, alhali kuɗin shekarar an riga an raba shi tun bara. Kasafin baɗi kafin ƙarshen bana ake haɗa shi, don haka takardar gini ta shiga da zarar babban ruwa ya ɗauke, ta yasa kuma tun Maris. Idan aka yi shelar taron jin ra'ayin jama'a, ku rufe shago ku je. Na taɓa zuwa wani, daga layinmu ni kaɗai ne, wata unguwa kuwa ta cika benci uku. Kun san wanda aka yi wa aiki.

Za a ce muku babu kuɗi, wani lokaci kuma gaskiya ne. Asambili na samu daga asusun bai-ɗaya, wanda kundin tsarin mulki na 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, ana raba wa gundumomi 261. Wani kason kuma daga harajin gidaje ne da tikitin kasuwa da lasisin shaguna. Shi ya sa nake ce wa masu gidaje su tafi da rasit ɗinsu. Muryar mai rasit daban take.

Idan shiru ya yi yawa, akwai kwamitin karɓar koke da shugaban zauren asambili ke jagoranta. Akwai kuma dokar neman bayani ta 2019, mai lamba 989, wadda ta ba jami'i kwana 14 ya amsa idan kun tambaya a rubuce ko aikinku na cikin kasafi. Gidan rediyo ku bar shi can ƙarshe, bayan hatimi ya taru a hannunku.

Injiniyan da zai zo duba wuri abin da zai fara leƙawa shi ne cikin gotar. In ya tarar da ledojin fiya-wata da bolar da aka juye da dare don kada a biya mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku da ke kwasar bola, bakinku ya mutu. Duk wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka kashe mutum fiye da 150 a shataletalen Kwame Nkrumah, ya san inda ledar Nima ke ƙarewa. To ku yi aikin gayya kafin ya zo, amma kada ku sa rana sai sashen tsafta ya tabbatar muku da motar kwasa. Mun taɓa tara yashi a bakin hanya ranar Asabar babu mota, ruwan daren Lahadi ya mayar da shi gota kaf.