Yadda Ake Ɗaura Ƙwan Kifi na Ulu a Ƙugiyar Fatsa

A kogunan Alaska da ke Amurka, idan kifin salmon ya hayo daga teku domin zuba ƙwai, ruwa kan kwashi wani ɓangare na ƙwan ya gangara da shi, wasu kifayen kuma su jeru a ƙasa suna cafkewa. Ganin haka ne ya sa masu fatsa na can suke ɗaura ƙwan bogi na ulu a ƙugiya, wanda suke kira Glo Bug, kuma mai fatsa a dam ɗin Ajiwa, Zobe ko Jibiya zai iya haɗa irinsa da kayan da ke kasuwar Katsina.

A nemi ƙaramar ƙugiya lamba 12 ko 14, da zaren ɗinki mai ƙarfi, da ulun saƙa, da almakashi mai kaifi. A naɗe zaren a tsakiyar ƙugiyar har ya kama, sannan a yanko sili uku ko huɗu na ulu, kowanne tsawon gaɓar yatsa, a ɗora su a kai, a ɗaure tsakiyarsu tamau da zagaye uku a wuri guda. A nan aikin yake, domin idan ɗaurin ya yi sako-sako, ulun zai riƙa juyawa, ƙwan kuma ba zai dunƙule ba. Bayan an ƙulle zaren, a tattaro bakin ulun sama, a ja shi sosai, a datse da yanka ɗaya, sai ya buɗe da kansa ya zama ɗan dunƙule, a gyara gefensa ba tare da an rufe tsinin ƙugiyar ba.

Mutanen Alaska sun fi amfani da ulu mai launin ruwan lemo da mai launin ruwan hoda, amma ƙwan karfasarmu ƙanana ne masu ruwan ɗorawa, saboda haka a rage girman ya kusanci ƙwayar dawa. Ya kamata a sani kuma cewa uwar karfasa galibi a baki take riƙe ƙwanta, ba kasafai ruwa ke tafiya da shi ba, don haka kada a sa rai da irin kamun Alaska.

A jiƙa ulun tukuna, domin busasshe ba ya nutsewa, a maƙala 'yar darma kamar taƙi ɗaya sama da ƙugiyar, a jefa inda rafi ke shiga dam, a bar ruwa ya tafi da shi kusa da ƙasa ba tare da an ja ba, tunda ƙwai ba ya iyo. Idan ruwan ya yi jawur da damina kuma tarwaɗa ake nema, gara a koma ga tana, domin ita da ƙanshi take farauta.