Yadda mai gina manhaja zai zaɓi tsakanin SMTP, IMAP da POP3

Duk manhajar da za ta yi hulɗa da imel tana da ayyuka biyu a gabanta, wato aika saƙo da ɗauko shi daga akwati. Aikawa ta SMTP ce ita kaɗai, ƙa'idar da Jon Postel ya wallafa a 1982, wadda ake tafiya a kanta har yau bayan gyare-gyare. Saboda haka a ɓangaren ɗaukowa ne zaɓi yake, tsakanin IMAP da POP3.

Idan manhajarka za ta tura rasit ko lambar tabbatarwa, ka haɗa ta da sabar ta ƙofa (port) mai lamba 587, ka ba da umarnin STARTTLS, wanda ke kunna ɓoye bayanai, kafin ka gabatar da suna da kalmar sirri, ko kuma ka bi ta 465, inda ake ɓoye bayanai tun daga farkon haɗuwa. Ƙofa ta 25 ta sabar da sabar ce, kuma kamfanoni irin su Google Cloud suna toshe ta. Ka lura cewa amsar 250 da sabar ke bayarwa tana nuna an karɓi saƙon ne kawai. Kafin ya tsira daga kwandon shara na mai karɓa, sai ka saita SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙon daga wurinka ya fito, a DNS, rajistar bayanan sunan yankinka (domain).

POP3, wadda ke amfani da ƙofa ta 995, mai sauƙi ce: manhaja ta shiga, ta sauke saƙonni da umarnin RETR, ta yi musu alamar gogewa da DELE, ta fita. Gogewar ba ta tabbata sai an aika QUIT, don haka idan intanet ta yanke kafin nan, saƙonnin za su sake bayyana a zagaye na gaba, kuma manhajar da ba ta ajiye lambobin shaidar saƙonni na UIDL ba za ta sarrafa saƙo ɗaya sau biyu. Ta dace da na'ura ɗaya tak mai kwashe akwati ɗaya, domin POP3 ba ta san folda ba, ba ta kuma san an karanta saƙo ko ba a karanta ba.

A ganina, IMAP ce ta fi cancanta a yawancin ayyuka. Mark Crispin ya ƙirƙiro ta a 1986, tana bi ta ƙofa ta 993, kuma tana barin saƙonni a kan sabar tare da foldoji da alamominsu, ta yadda waya da kwamfuta da manhajarka za su ga abu ɗaya. Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne lambobin jeri, wato matsayin kowane saƙo a cikin folda, domin suna sauyawa da zarar an goge saƙo. Ka riƙa ajiye UID, lambar shaidar kowane saƙo, tare da UIDVALIDITY na foldar, lambar da ke nuna ko UID ɗin suna nan da inganci, in wannan ta biyun ta canja, sai ka watsar da abin da ka ajiye ka sake daidaitawa. Maimakon tambayar sabar kowane minti, ka yi amfani da IDLE, umarnin da ke sa sabar ta sanar da kai in sabon saƙo ya shigo, ka sabunta shi kafin minti 29 su cika.

Kafin ka rubuta layi ko ɗaya, ka duba yadda kamfanin da ke riƙe da akwatin yake tantance shiga. Tun daga Oktoban 2022 Microsoft ta fara rufe shiga IMAP da POP da kalmar sirri zalla a Exchange Online, sabis ɗinta na imel, don haka sai ka tanadi OAuth 2.0, tsarin shiga da makulli na ɗan lokaci maimakon kalmar sirri, da hanyar sabunta makullinsa idan wa'adinsa ya ƙare.