Yadda zaka zaɓi inshorar gidan tirela a Amurka

Mutanenmu da yawa a nan Amurka yanzu gidan tirela suke saya, wato gidan nan da ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi da babbar mota a zo a dasa a fili, dalili kuwa kowa ya sani, kuɗin gida ya yi tashin gwauron zabi. Gidan ba laifi wallahi. Inda ake tafka kuskure wajen inshora ne, mutum ya ɗauki wadda ta fi arha ya sa hannu bai karanta ba, sai ran da iska ta yaye rufi ido ya raina fata.

Kafin ka kira kowa, zagaya ƙarshen gidan daga waje ka nemi wani ɗan farantin ƙarfe mai launin ja da aka maƙala a jiki, tambarin HUD ne, wato hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya. Gidan da aka ƙera daga 15 ga Yuni 1976 zuwa yau yana da shi, wanda ya girmi haka kuwa kamfanoni da yawa basa son ɗauka, in sun ɗauka ma da tsada. Akwai kuma wata takarda manne a cikin kabad ɗin kicin ko ɗakin kwana ko kusa da akwatin wuta, ita ke ɗauke da shekarar gidan da lambarsa da yankin iskar da aka ƙera shi dominsa, 1 ko 2 ko 3. Bayan guguwar Andrew ta 1992 da ta share gidajen tirela a kudancin Florida ne aka tsaurara dokar juriyar iska a 1994. Ɗauki hoton duka biyun a wayarka, ejen zai tambaya.

Sai babbar magana, dan Allah ka nutsu a nan. Tsarin inshorar irin wannan gida ana yawan kiransa HO-7, kuma hanyar biya iri biyu ce. Akwai ACV, su duba darajar abin a ranar da ya lalace su cire tsufa su baka ragowar. Akwai RCV, su biya kuɗin sayen sabo irinsa. Gidan tirela kuma sau da yawa darajarsa sauka take yi kamar ta mota, kaga kenan ACV na iya barinka a rana. Wani maƙwabcina ƙanƙara ta farfasa masa rufi, rufin ya haura shekara 15, da cek ɗin ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya takardar yana sake ƙirga sifili, abin da aka bashi bai kai rabin aikin ba, shekara da shekaru yana biya bai san ACV ya saya ba. Ni dai in aljihu zai ɗauka RCV zan ce ka yi, kuma ka tambayi ejen ƙarara shin rufin ma a kan RCV yake, domin wasu sukan ware rufin daban su sa shi a ACV.

Daga nan duba abin da zaka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya sa nasa. A jihohin bakin teku na guguwa daban yake, kuma kaso ne, a Florida zaka ga 2 ko 5 ko 10 cikin 100. Misali gidan dala 80,000 a kan kashi 5, dala 4,000 kenan daga gareka. Kana da ita a ajiye? In babu, kar ka zaɓa don kawai kuɗin wata ya ragu.

Ambaliya yawanci bata ciki. Mutane basa yarda sai sun gani. Bututu ya fashe a cikin gida wannan ana biya, amma ruwan da ya taso daga waje sai ka sayi tasa daban, galibi ta NFIP, shirin inshorar ambaliya na FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, kuma yawanci sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, saboda haka ba ranar da aka ce hadari na tafe ake nema ba. Girgizar ƙasa ma haka take, daban.

Ɓangaren in wani ya ji ciwo a gidanka, ya zame a matakala ko makamancin haka, yawanci daga dala 100,000 ake farawa, ɗaga shi zuwa 300,000 ba wani kuɗi yake ƙarawa sosai ba. In hayar fili kake a unguwar tireloli karanta yarjejeniyarku, wasu masu filin suna sharɗanta shi. In kuma da bashi ka sayi gidan kar ka bari inshora ta yanke ko na wata ɗaya, masu bashin zasu saya maka tasu mai tsada su ɗora a kanka, kuma kansu take karewa.

Nemi farashi aƙalla wuri uku. Foremost da American Modern sun daɗe a harkar, ko ka sami ejen mai zaman kansa ya kwatanta maka. Gaya masa in an ɗaure gidan da ƙasa da igiyoyin ƙarfe yadda ya kamata, yana iya rage maka kuɗi. In zaka ja gidan zuwa wani fili faɗa tun kafin motar ta zo, domin hanya ma sai an ƙara mata nata. Ran da ka sa hannu kuma ka bi ɗaki ɗaki da waya kana bidiyo, ka buɗe kowane kabad, akwatin atamfofi da gwalagwalan uwargida duk su fito, ka tura wa kanka ta imel.