Yadda Za a Kalli Shirin Wednesday Har a Gane Inda Ya Dosa

Wednesday shiri ne mai dogon zango da kamfanin Netflix ya fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba, 2022, kuma Alfred Gough da Miles Millar ne suka ƙirƙiro shi. Labarin wata yarinya ce mai tasowa, Wednesday Addams, wadda aka kora daga makarantarsu bayan ta zuba kifaye masu cin nama a wurin ninƙaya domin ta rama wa ƙaninta Pugsley cin zalin da wasu samari suka yi masa. Iyayenta suka kai ta Nevermore, wata ƙagaggiyar makarantar kwana da ke kusa da garin Jericho a jihar Vermont ta Amurka, inda su ma suka yi karatu har suka haɗu. Mutane da yawa sun fara sanin shirin ne ta rawar da jarumar, Jenna Ortega, ta taka a kashi na huɗu, wadda ta karaɗe TikTok, shi ya sa wasu ke zuwa da zaton wasan barkwanci ne kawai, wasu kuma fim ɗin ban tsoro. Ƙashin bayansa dai labarin binciken kisan kai ne, kuma wanda ya kalle shi da rabin hankali zai kai ƙarshe bai san yadda aka zo nan ba.

Ka fara daga kashi na ɗaya, ka bi su a jere ba tare da tsallake ko guda ba. Zangon farko kashi takwas ne, kowanne bai wuce kimanin sa'a ɗaya ba, kuma labari ɗaya ne aka yanka gunduwa-gunduwa. Ba dole ba ne sai ka ga tsofaffin finafinan iyalin Addams, amma yana da amfani ka san asalinsu. Mai zanen barkwanci Charles Addams ne ya fara zana su a mujallar The New Yorker tun 1938, aka mayar da su shirin talabijin a 1964, sannan finafinai biyu suka fito a 1991 da 1993. Dukkan dariyar da ke tattare da wannan iyali a kan abu guda ta tsaya: abin da jama'a ke gudu, kamar maƙabarta da duhu da azaba, shi ne abin marmarinsu, kuma duk da haka suna ƙaunar juna fiye da yawancin maƙwabtansu. Christina Ricci, wadda ta fito a matsayin Wednesday a waɗancan finafinai biyu, ita ce malama Marilyn Thornhill a wannan shirin.

Abu na gaba shi ne ka riƙe rabe-raben ɗaliban, waɗanda abokiyar ɗakinta Enid Sinclair ke zayyana mata tun a kashi na farko. Manyan rukunoni huɗu ne: masu shan jini, masu rikiɗa su koma kyarkeci, masu macizai a maimakon gashi waɗanda kallonsu ke daskarar da mutum ya zama dutse, da kuma 'yan ruwa masu juya tunanin mutum da muryarsu, irin su Bianca Barclay. Akwai kuma masu gane-gane, kamar ita Wednesday da mahaifiyarta Morticia. Waɗannan halittu daga tatsuniyoyin Turai da na Girka aka aro su, don haka kada ka wahalar da kanka wajen daidaita su da aljanu ko mayun da muka tashi muna jin labarinsu, domin a nan yara ne masu jarrabawa da gasar kwalekwale da rigimar ƙawaye. Abin da ya fi muhimmanci shi ne rashin jituwar da ke tsakanin 'yan makarantar da mutanen gari. Jericho na cin moriyar kuɗin Nevermore amma tana ƙyamar ɗalibanta, tana kuma girmama wanda ya kafa garin, Joseph Crackstone, mutumin da labarin ya nuna ya ƙona irin waɗannan mutane da ransu a ƙarni na 17. Duk wani kisa da za ka gani yana da jijiya a wannan tsohuwar gaba.

Sai binciken kansa, wanda nan ne ya kamata ka fi natsuwa. Tambayoyi uku ne ke tafiya tare: wane ne dodon da ke kashe mutane a dajin da ke kewaye da makarantar, mene ne ma'anar tsohon zanen da ya nuna Wednesday tsaye a gaban makarantar da ke cin wuta, kuma mece ce gaskiyar zargin kisan da aka yi wa mahaifinta Gomez tun yana ɗalibi. Bayan kowane hari, ka tambayi kanka wa ke nan, wa ba ya nan, kuma wa ya fara isa wurin. Ka lura da waɗanda ke yi mata kirki ba tare da wani dalili bayyananne ba. Ka kuma tuna cewa shugabar makarantar, Larissa Weems, tana iya ɗaukar kamannin wani, saboda haka ganin fuskar mutum a wuri ba hujja ba ce cewa shi ne.

Babban tarkon da marubutan suka ɗana shi ne ita jarumar da kanta. Tana magana da cikakken yaƙini, ba ta taɓa nuna shakka, kuma mai kallo yakan ɗauka cewa wanda ya iya magana haka ba ya kuskure. Amma sau da yawa takan ɗora laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ta jefa abokanta cikin haɗari, sannan ta wuce ba ko neman gafara. Gane-ganen nata ma, waɗanda ke zuwa mata idan ta taɓa wani abu ko wani mutum, ɓangaren lamarin kawai suke nuna mata, sauran kuma ita ke cike shi da zato. Ka karɓi abin da ta gani, ka yi taka-tsantsan da fassarar da ta yi masa. A ganina wannan ne mafi kyawun abin da ke cikin rubutun, ya kuma fi batun samarin nan biyu, Tyler da Xavier, da ake ta jan su a kanta, wanda shi ne ɓangare mafi rauni a zangon farko. Kada kuma ka nemi sunan wani ɗan wasa a intanet kafin ka gama, domin layin farko na sakamakon yana iya tona maka asirin dodon.

Barkwancin yana cikin kalmomi ne, ba a faɗuwa ko guje-guje ba, kuma Ortega na furta shi fuska a ɗaure, da ƙyar ma take ƙifta ido. Idan kunnenka bai saba da Turancin Amurkawa ba, ka kunna rubutun maganar da ke fitowa a ƙasan allo, in ba haka ba rabin baƙar maganarta zai wuce ka, musamman a zamanta da likitar da kotu ta tilasta mata gani, Dakta Kinbott. Ka sa ido kuma a kan Thing, hannun nan marar gangar jiki da ke yi mata hidima, wanda wani mai wasan dabo ɗan Romaniya, Victor Dorobantu, ya taka da hannunsa na gaske, aka goge sauran jikinsa da kwamfuta.

Wajen kallo, duhu ya yi yawa a hoton, domin Tim Burton, daraktan da aka sani da finafinai masu duhu, shi ne ya ba da umarnin kashi huɗu na farko, kuma a Romaniya aka ɗauki zangon, inda fadar Cantacuzino ta zama fuskar makarantar. A ƙaramar waya da ƙarancin data, wuraren daji da dare sukan zama baƙi kawai, alhali a nan ne alamun suke. Gara ka sauke kashin da ingancin hoto mai kyau lokacin da ka sami intanet mai ƙarfi, ka kalla a ɗaki marar haske sosai.

Iyaye su sani cewa a Amurka an sanya shirin a rukunin 'yan shekara 14 zuwa sama. Akwai jini da gawarwaki da sassan jikin mutum, akwai kuma soyayyar samari da 'yan mata irin ta can, don haka ganin yara sanye da kayan makaranta bai mayar da shi shirin ƙananan yara ba, kuma ya fi kyau babba ya fara duba shi. Zango na biyu, wanda aka ɗauka a Ayalan aka kuma sake shi rabi ranar 6 ga Agusta, rabi ranar 3 ga Satumba, 2025, ya rage soyayyar ya ƙara ban tsoro, ya kuma ba sauran iyalin fili, tare da Steve Buscemi a matsayin sabon shugaban makarantar. Tun daga kashinsa na farko yake ambaton wanda ya aikata abin da ya faru a baya, saboda haka kada ka taɓa shi sai ka kammala kashi na takwas na zangon farko.