Kurakuran da muke yi a gaban tsofaffin injinan pinball

Mu da muka tashi a gidajen gem na Agege da Idi-Araba hannunmu ya saba da ƙarfi, domin Street Fighter II ya koya mana dukan maɓalli kamar ana sussukar gero. Duk ɗan uwa daga Legas da tafiya ta kai shi gidan adana tsofaffin injinan wasa, irin Pinball Hall of Fame da ke Las Vegas a Amurka, to ya bar wannan ƙarfin a bakin ƙofa. Pinball dai wasa ne na ɗan ƙwallon ƙarfe da ke gangarowa a kan tebur ƙarƙashin gilashi, kana buga shi da fukafukai biyu don kada ya zurare ta tsakaninsu. Wasu injinan sun girmi iyayenmu.

Babban kuskure shi ne jijjiga injin. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe da ke reto a tsakiyar zobe, dabarar da aka fito da ita tun shekarun 1930. Da ka girgiza akwatin fiye da kima sai ƙarfen ya taɓa zoben, injin ya rubuta TILT, fukafukan buga ƙwallo su mutu, kana kallo ƙwallonka ya zurare. Ɗan turi da tafin hannu ya halatta, gwanaye ma suna yi. Duka da ɗaga ƙafar injin ne ke ɓata kaya, kuma gyaransu sai wanda ya san tsoffin wayoyi da ƙarafa. Wallahi yana ci mini rai in ga an yi wa injin da ya haura shekara hamsin haka.

Sai danna fukafukan biyu lokaci guda. Hakan buɗe ƙofa yake yi a tsakiya. Ka buga da na ɓangaren da ƙwallon ya nufa, ko ka ɗaga ɗaya ka riƙe har ƙwallon ya kwanta a kansa, ka numfasa, sannan ka saita. Da irin wannan saitin wani gwanin pinball mai suna Roger Sharpe ya nuna wa majalisar birnin New York a 1976 cewa wasan gwaninta ne, aka ɗage haramcin da aka sa masa tun 1942 bisa zargin caca.

Kada ka yi ta danna maɓallin farawa, kowace dannawa ƙara ɗan wasa take yi. Ka karanta ɗan katin dokoki da ke ƙasan gilashi. Lemo da jaka kuma ba a ɗora su a kan gilashin.

A Las Vegas shiga kyauta ne amma injinan na cin sulalla, saboda haka ka tanadi canji. Kuma kada fitilun sababbi su ja ka ka wuce na da. Kafin 1947, lokacin da kamfanin Gottlieb ya fito da Humpty Dumpty, injinan ba su da fukafukai sam. Ka fara da masu ƙararrawa da lambobi masu juyawa, domin ƙwallonsu ba ya gudu sosai, a nan hannu ke koyon sanyi kafin ka matsa gaba.